Yadda ake amfani da kalmar *consternation* a Turanci

Duk mai karanta jaridun Turanci, na Landan ko na Legas, ba zai daɗe ba zai ci karo da *consternation*. Kalma ce ta 'yan jarida da marubuta, ba kasafai ake jin ta a bakin mutane cikin hira ba. Ƙamus zai ce maka tana nufin kaɗuwa ko firgita, kuma bai yi ƙarya ba. Sai dai sanin ma'anar kaɗai ba ya sa mutum ya iya ɗora ta a jimla. Wuraren zamanta ƙalilan ne, ba su wuce biyar ba, kuma da wuya ka same ta a wajensu. Wanda ya haddace waɗannan wuraren zai yi amfani da ita daidai ko da bai iya bayanin nahawunta ba, wanda kuwa ya tsaya a kan ma'ana zai yi ta ƙera jimlolin da Bature zai gane amma ba zai taɓa faɗa ba.

Sharuɗɗa uku kafin ka ɗauko ta

Kafin maganar gina jimla, duba abin da kake son bayyanawa. Na farko, abin ya zo ne ba zato ba tsammani. Na biyu, wanda ya samu labarin bai so hakan ba. Na uku, wanda aka fi mantawa da shi, labarin ya bar shi ya rasa na yi, ya yi cirko-cirko. Idan ɗaya daga cikin ukun ya faɗi, nemi wata kalmar. Mamakin abin alheri ba *consternation* ba ne, don haka ba a cewa an yi ta saboda an ci jarrabawa. Damuwar da mutum ya daɗe yana fama da ita, kamar ta bashi ko ta jinya, ita ma ba ita ba ce, wannan *worry* ce ko *anxiety*. Haka kuma idan mutane sun ji labari sun fito titi suna zanga-zanga, sun riga sun wuce matakin rasa na yi, sun shiga fushi.

Asalin kalmar yana taimakawa wajen riƙe sharaɗi na uku. Daga Latin ta fito, daga aikatau *consternare*, ta biyo ta Faransanci ta shiga Turanci a farkon ƙarni na 17. Romawa kan yi amfani da wannan aikatau ga dawakan da suka zabura. Wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan sallah ya ga yadda doki ke yi idan aka harba bindigar gargajiya daf da kunnensa: ya toge, ya yi baya, ya yi gefe, shi bai gudu ba shi kuma bai tsaya ba. Wannan ɗan lokacin na ruɗewa shi ne abin da kalmar take kamawa.

Suna ce, kuma ba a ƙirga ta

Mafi yawan kurakurai daga nan suke farawa. *Consternation* suna ce irin wadda ba a ƙirgawa, ajinsu ɗaya da *information* da *advice* da *furniture*. Ƙamusoshin masu koyo na Oxford da Cambridge suna yi wa irin waɗannan kalmomi alama da harafin *U* ko kalmar *uncountable*. Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne ba a sa mata *a* a gaba, ba a kuma ƙara mata *s* a ƙarshe. *It caused a consternation* kuskure ne, *there were many consternations* ma haka. Idan kana son nuna yawa, ka ce *much consternation* ko *a great deal of consternation* ko *considerable consternation*. Idan kaɗan ce, *some consternation*.

Kada *a* ɗin da ke cikin *a look of consternation* ya ruɗe ka. Na *look* ne, ba nata ba.

Sifofin da suke tafiya da ita su ne *widespread* idan ta game jama'a, *great* da *considerable* da *deep* idan ta yi tsanani, *growing* idan tana ƙaruwa, *utter* idan ta kai maƙura, sai *mild* idan 'yar ƙarama ce. *Big consternation* ba ya shiga kunne, haka *heavy consternation*, duk da cewa mai tunani da Hausa zai ji kamar sun dace. *Very* kuwa ba ta hawa kanta sam.

Akwai aikatau *consternate* a manyan ƙamusoshi, amma ya kusa zama gawa. Kusan ba wanda ke cewa *the news consternated us* ko *I am consternated*. Idan kana buƙatar aikatau ko sifa, ka ari na maƙwabta: *the news dismayed us*, *I was alarmed*, *she was appalled*.

Wurin zama na farko: *to the consternation of*

Wannan shi ne ginin da ya fi yawa a jaridu, kuma shi ya fi cancantar a daɗe a kansa. Aikinsa shi ne ka faɗi abin da ya faru, sannan ka maƙala wa jimlar bayanin wanda abin ya kaɗa.

Ɗauki wani abu da ya faru a gida. Da tsakar daren Asabar 16 ga Fabrairu 2019, awanni kaɗan kafin a buɗe rumfunan zaɓe, hukumar INEC ta ɗage zaɓen shugaban ƙasa zuwa 23 ga wata. Mutane da yawa sun riga sun yi doguwar tafiya zuwa garuruwansu don su kaɗa ƙuri'a. Sharuɗɗan nan uku duk sun cika: ba a zata ba, ba a so ba, kuma da gari ya waye an rasa ko a zauna a jira mako guda ko a koma bakin aiki. Ga yadda za a gina jimlar, mataki-mataki. Fara da cikakkiyar jimla mai tsayawa da kanta: *The election was postponed by a week.* Sai ka sa waƙafi. Sai ka ƙara *to the consternation of*, ka bi shi da waɗanda abin ya shafa: *The election was postponed by a week, to the consternation of voters who had travelled home.*

Ana iya juya ta, a kawo maƙalallen gaba: *To the consternation of voters, the election was postponed.* Waƙafin yana nan, sai dai ya koma bayan *voters*. Idan bayanin mutanen yana da tsawo, kamar wanda ke sama mai *who had travelled home*, bar shi a ƙarshe, don kada mai karatu ya gaji kafin ya san abin da ya faru. Idan gajere ne, duk inda ka sa shi ya yi.

Idan wanda abin ya kaɗa wakilin suna ne, ginin yana canzawa. Ba a cewa *to the consternation of me* ko *of him*. Ana cewa *to my consternation*, *to his consternation*, *to their consternation*. Da sunan mutum ɗaya kuwa, hanyoyin biyu duk suna aiki: *to the coach's consternation* ko *to the consternation of the coach*.

Don ƙara nauyi, ana sa *much* a gaban ginin gaba ɗaya: *much to the consternation of investors*, *much to her consternation*. Lura da wurin *much*. Ba a cewa *to the much consternation of*. Idan cikin ginin kake son sa ƙari, to sifa za ka sa: *to the great consternation of*.

Kurakurai biyu ne ke yawan fitowa a nan. Ɗaya shi ne sa *for* a maimakon *to*, wanda ke sa jimlar ta yi kama da an yi abin ne da nufin a kaɗa mutanen. Ɗayan shi ne sa abin da ya jawo kaɗuwar a bayan *of*. Bayan *of* gurbin mutane ne, masu zuciyar da za ta kaɗu. *To the consternation of the postponement* ba ta da ma'ana, domin ɗage zaɓe ba ya kaɗuwa.

Wannan ginin ba nata ba ne ita kaɗai. Da shi ake cewa *to my surprise*, *to her delight*, *to their dismay*, *much to his relief*. Wanda ya iya ɗaya ya iya duka.

Na biyu: *cause consternation*

Aikatau ɗin da ya fi kowane zama da ita shi ne *cause*. Bayansa akwai *spark* da *provoke* da *create*. Ba a amfani da *make* ko *do* ko *give*, kuma nan ne Hausa ke jan hannun mutum, saboda mu muna cewa abu ya sa mutane kaɗuwa ko ya ba su tsoro.

Ranar 4 ga Oktoba 1957 Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko, alhali Amurkawa na ganin su ne a gaba a fannin kimiyya. Ba a ci shekara guda ba aka sa hannu a dokar kafa NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, a 1958. Jimlar da ta dace: *The launch of Sputnik caused consternation in Washington.* Ga wani. Ranar 15 ga Yuli 1971 Shugaba Nixon na Amurka ya bayyana a talabijin cewa zai ziyarci Sin, kuma firaministan Japan Eisaku Sato bai samu labari ba sai mintuna kaɗan kafin sanarwar, duk da ƙawancen ƙasashen biyu. *Nixon's announcement caused consternation among Japanese officials.*

Duba ƙananan kalmomin da suka biyo baya, domin kowacce da aikinta. *In* na wuri ne ko ma'aikata: *in Washington*, *in Brussels*, *in the boardroom*. 'Yan jarida kan ambaci babban birni suna nufin gwamnatin da ke cikinsa, don haka *consternation in Tokyo* ba ta nufin masu shaguna da direbobin tasi. *Among* na taron mutane ne, kuma jam'i ko sunan taro ne ke biyo ta: *among teachers*, *among traders*. Ba a cewa *among the governor*. Idan mutum ɗaya ne, koma ginin farko, ko ka ce *caused him some consternation*.

Idan kuma dalilin kake son faɗa, kalmomi uku ne a hannunka. *At* na tafiya da labari ko hukuncin da ya faɗo lokaci guda: *consternation at the decision*. *Over* da *about* na tafiya da batun da ake ci gaba da magana a kansa: *consternation over the new tax*. Ana iya jera su a jimla ɗaya, mutane a gaba, dalili a baya: *There was consternation among farmers over the price of fertiliser.*

Na uku: *in consternation* da *with consternation*

A nan kalmar tana bayyana yanayin da aka yi wani aiki. *In* na bin aikin jiki da ido ke gani, wato kallo, tsayuwa, ɗaga hannu, ƙwala kira. *With* na bin yadda aka karɓi labari.

Masu kallon ƙwallo za su tuna 8 ga Yuli 2014 a Belo Horizonte, wasan kusa da na ƙarshe na gasar cin kofin duniya tsakanin Brazil mai masaukin baƙi da Jamus. Müller ya ci wa Jamus a minti na 11. Daga minti na 23 zuwa na 29 kuma sai ƙwallaye huɗu suka shiga ragar Brazil a jere, Klose ɗaya, Kroos biyu, Khedira ɗaya. Tuna fuskokin da kyamara ta riƙa nunowa a wannan tsakanin: 'yan bayan Brazil suna duban juna hannu a ƙugu, 'yan kallo baki buɗe, wasu sun ɗora hannu biyu a ka. Wannan shi ne *The defenders looked at one another in consternation.* Hawayen da aka yi ta zubarwa bayan an tashi 7 da 1 kuwa wani abu ne daban, sunansa *grief* ko *humiliation*. *Consternation* ta farkon lamari ce, lokacin da ƙwaƙwalwa ba ta gama yarda da abin da ido ya gani ba. Shi ya sa ba a cewa mutum ya shekara biyar yana cikinta.

Na *with* kuma, ɗauki ƙuri'ar raba gardama ta 23 ga Yuni 2016, inda kusan kashi 52 cikin 100 na masu zaɓe a Birtaniya suka zaɓi ficewa daga Tarayyar Turai, washegari firaminista David Cameron ya ce zai sauka. *The result was greeted with consternation in Brussels.* Aikatau ɗin da ake sa wa a nan su ne *greeted with*, *met with*, *received with*, *reacted with*. Kada *greeted* ta sa ka zaci gaisuwa ko maraba ake nufi, a wannan ginin tarbar labari kawai take nufi, mai daɗi ko marar daɗi.

Sauran wuraren biyu ba su da wahala. Akwai *There was consternation when...*, wanda ake buɗe labari da shi, sai kuma *a look of*, *a cry of*, *a source of* ko *a cause of consternation*.

Nauyinta: inda ta yi yawa da inda ta yi kaɗan

Kalmar ta rubutu ce. Idan abokinka ya turo maka saƙo a WhatsApp cewa an sace masa waya, ka amsa da *I am filled with consternation*, zai ɗauka zolayarsa kake yi. Abin da bakin Bature ke faɗa a irin wannan lokaci shi ne *Oh no!* ko *Oh dear*, wanda ya fi yawa a Ingila, ko *Yikes!*, wanda ya fi yawa a Amurka kuma ya fi dacewa da ƙananan abubuwa, kamar ganin kuɗin wuta ya ninka.

A wasiƙar ofis ma sai an yi hattara. *I learned with consternation that my allowance has been stopped* daidai take a nahawu, amma tana ɗauke da zargi, kamar kana cewa an yi abin da bai kamata a ce mai hankali ya yi ba. Idan mai gidanka kake rubuta wa kuma kana son a gyara maka, *I was concerned to learn that...* ta fi biyan buƙata. Ajiye mai nauyin don takardar koke ta ƙungiya ko sharhin jarida.

Turawan Ingila kuma suna da wata ɗabi'a ta ɗaukar babbar kalma su ɗora wa ƙaramin abu don ban dariya. *Much to the consternation of his mother, he dyed his hair green.* Ba wani bala'i da ya faru, yaro ne ya rina gashinsa kore, uwa ta rasa bakin magana. Idan ka ga kalmar kusa da abin da bai kai ya kawo ba, to marubucin murmushi yake yi. A ganinmu ma wannan shi ne amfaninta mafi daɗi, domin a labaran siyasa an yi ta jan ta har ta fara sanyi.

Inda ta yi kaɗan kuwa shi ne mutuwa, kuma wannan gargaɗi ne musamman ga 'yan'uwa na Nijar da Chadi da Kamaru da suka yi boko da Faransanci. A Faransanci rubutun kalmar iri ɗaya ne, amma ta fi karkata ga baƙin ciki mai sanyaya jiki, shi ya sa sanarwar ta'aziyya kan fara da *C'est avec consternation que nous avons appris le décès de...* Sifar *consterné* ma ta yau da kullum ce a can. Idan aka kwaso wannan aka zuba a Turanci, sai ta'aziyyar ta fito kamar rasuwar ta dagula wa mai rubutu lissafi ne, ba ta taɓa masa zuciya ba. A Turanci ana cewa *We were deeply saddened to learn of the death of...* ko *It is with great sorrow that...* Idan mutuwar ta fuju'a ce, a ƙara *shocked*: *shocked and saddened*. Shi kuma *je suis consterné*, Turancinsa *I am dismayed* ne ko *I am appalled*.

Maƙwabtanta, da yadda ake zaɓa

*Dismay* ce mafi kusa, kuma a jimloli da dama ana iya musanya su. Bambancin shi ne *dismay* ta fi ɗaukar sanyin jiki da karayar zuciya, ba lallai da ruɗewa ba. Ɗalibin da ya duba sakamako ya ga ya faɗi darasin da ya sha wahala a kansa, *dismay* ce ta same shi. Wanda ya shiga ɗakin jarrabawa ya tarar an raba takardar darasin da ba shi ya karanta ba, wannan *consternation* ce. *Dismay* tana da wata fa'ida kuma, ita suna ce kuma aikatau ce, ga sifa *dismayed*.

*Alarm* gaba take kallo, wato akwai haɗarin da ke tafe, a tashi a yi wani abu. Asalinta ma kiran yaƙi ne na Italiyanci, *all'arme*, ma'ana a ɗauki makamai. Likitocin da suka ga cutar kwalara na yaɗuwa za su nuna *alarm*, domin sun san abin da ke biyo baya kuma sun san abin yi. Idan ma'anar tsoro ake nufi, ba a ƙirga ta, amma idan na'urar ƙararrawa ce ana cewa *an alarm*. A kula da *alarmed* da *alarming*: na farko wanda ya tsorata, na biyu abin da ke tsoratarwa. Mai cewa *I am alarming* ya ce shi ne dodon.

*Panic* ta fi su duka motsi, a nan an daina tunani an fara gudu ko tururuwar sayen kaya. *Appalled* akwai ƙyama a cikinta, abin ya saɓa wa tarbiyya ko tausayi. *Aghast* sifa ce mai zama bayan aikatau kawai: *she was aghast at the bill*, *they stood aghast*. Ba a cewa *an aghast woman*. *Outrage* kuwa fushi ne tsantsa. Da manyan kulob 12 na Turai suka sanar da kafa gasar Super League ranar 18 ga Afrilu 2021, magoya baya a Ingila ba su tsaya cirko-cirko ba, sun fito ƙofar filayen wasa suna ihu, kuma cikin kwanaki kaɗan shirin ya wargaje. Wanda ya kira wannan *consternation* ya rage wa abin zafi. *Outrage* ce.

Ga masu fassara akwai wani rami. Sau da yawa *caused consternation* kan zama "ya tayar da hankalin jama'a" a Hausa, kuma fassarar ta yi. Matsalar tana wajen komawa. "Tashin hankali" a bakinmu yana nufin damuwa, yana kuma nufin rikici har da ƙone-ƙone. Idan labari ya ce an yi tashin hankali a wani gari har an sa dokar hana fita, Turancinsa *unrest* ne ko *violence* ko *riot*. Don kauce wa wannan, idan ana fassara zuwa Hausa, "ya girgiza" ko "ya jefa su cikin ruɗani" ko "ya ɗimauta su" sun fi fitar da abin da ake nufi.

Furuci da rubutu

Gaɓoɓi huɗu ne, kuma ana danna murya a kan ta uku: kon-sta-NEI-shan. Ƙa'ida ce ga duk kalmar da ta ƙare da *-ation*, nauyin yana kan *a* ɗin da ke gaban *-tion*. Wasalin gaɓa ta biyu da na ta ƙarshe raunana ne, a taɓa su kawai a wuce. Turawan Ingila ba sa furta *r* ɗin tsakiya. Amurkawa suna furta shi, kuma gaɓar farko a bakinsu ta fi kama da "kan".

Wahalar Bahaushe tana wurin *n*, *s* da *t* da suka haɗu a jere. Gaɓar Hausa ba ta ɗaukar baƙaƙe uku ba wasali a tsakani, sai harshe ya cusa *i* da kansa, kalmar ta koma "konsitaneshan" mai gaɓa biyar. Maganinsa: faɗi "kon", ka ja "sss" kamar iska na fita daga taya, sannan ka saki "ta" ba tare da ka buɗe baki a tsakani ba. Yi haka a hankali sau da yawa, kana rage tsawon "sss" ɗin har ya zama ɗan gajere.

Haruffanta 13 ne. Raba ta uku wajen rubutu, *con*, *stern*, *ation*, don kada *r* ɗin da ba a ji ya ɓace. *Constanation* shi ne kuskuren da aka fi yi, kuma daga kunne yake zuwa. A kuma yi hattara da 'yan'uwanta na kama, waɗanda duk gaɓa huɗu ne da nauyi a wuri ɗaya: *constellation* tarin taurari, *conservation* alkinta muhalli ko dukiya, *concentration* mayar da hankali, sai *constipation* taurin bayan gida. Waya mai gyara rubutu da kanta ba ta san wacce kake nufi ba, don haka sake karantawa kafin ka tura, musamman saboda ta ƙarshen.

A ɗakin jarrabawa

A Turancin WAEC da NECO da JAMB, irin wannan kalma kan fito a tambayoyin neman mafi kusa a ma'ana ko kishiya. Mafi kusa *dismay* ce, idan babu ita sai *alarm* ko *bewilderment*, gwargwadon jimlar. Zaɓin da ake sawa don a yaudari ɗalibi yawanci *anger* ne ko *sadness* ko *surprise*, kowanne ya taɓa gefe ɗaya na ma'anar ya bar sauran. Kishiyoyinta *composure*, *calm* da *equanimity*, wani lokaci *relief*.

A sashen karanta labari da amsa tambayoyi na WAEC, ana ba da kalmomi a ce ka kawo wadda za ta maye gurbin kowacce yadda aka yi amfani da ita a labarin. Dole amsarka ta zama aji ɗaya da kalmar. Tunda *consternation* suna ce, rubuta *dismay*. Idan ka rubuta *dismayed* ko *shocked* ka rasa makin ko da ma'anar ta yi kusa. Hanyar tantancewa ita ce ka cire kalmar daga jimlar, ka sa taka a gurbinta, ka karanta daga farko zuwa aya. Idan sai ka canza wata kalma kafin jimlar ta zauna, amsar ba ta yi ba. Kada kuma ka jera amsa biyu ko uku kana fatan ɗaya ta dace, domin marar kyau a cikinsu na iya ɓata mai kyau. A sashen furuci kuma, inda ake rubuta gaɓar da ake dannawa da manyan haruffa, amsar ita ce *consterNAtion*.